Baba Kar-a-taɓa da ƙofar tsohuwa

Ƙarfe bakwai ba ta yi wa Baba a hanya. Kafin mu masu ofis mu iso, ya buɗe gidan adana kayan fasaha na jami'armu, ya durƙusa gaban sassaƙe-sassaƙen itace. Ƙarƙashin kowanne akwai farar takarda da ya shimfiɗa. Zai zaro ta, ya kai bakin taga ya duba. In fes take, ya mayar. In ya ga ɗan gari kamar an barbaɗa, to ƙwaro ya shiga itacen yana ci ta ciki. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan durƙuso, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ɗalibai ne suka sa masa Baba Kar-a-taɓa, don ko inuwar yatsanka ta doshi zane sai ka ji gyaran muryarsa. Har wani farfesa ya taɓa kora saboda ya shigo da shayi, farfesan ya yi wata guda ba ya gaishe mu.

Ni ce shugabar gidan, kuma yau zan tona wa kaina asiri. Shekara huɗu da suka wuce mun shirya baje kolin sassaƙa, na je na roƙi wata tsohuwa ta ara mana ƙofar da marigayi mijinta ya sassaƙa. Ita kaɗai ta rage mata daga aikin hannunsa. Sai da na yi sawu uku ta yarda, na rantse mata za ta dawo yadda ta fita.

Ana gobe buɗewa na sa a kwashe takardun Baba, wai suna ɓata hoto. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙwaro ai bai san muna da baƙi ba." Na ce masa ni ce dai shugaba. Kai, har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ashe ya ɗauki almakashi ya yanka takarda daidai gindin kowane sassaƙe, yadda ido ba zai gani ba. Rana ta tara ya kira ni, ya miƙo min takardar ƙarƙashin ƙofar tsohuwa. Ga gari nan. Daga wata tsohuwar kujerarmu da na sa a ajiye kusa da ita ƙwaron ya tsallaka.

Baba, kai ne ka fitar da ƙofar nan ka naɗe ta a leda, ka yi sati shida kana ɗura magani da sirinji rami bayan rami, har garin ya daina zuba. Ramuka uku kawai suka rage, ƙanana kamar bakin allura. Na ce mu toshe su da kakin zuma mu yi shiru, ka ƙi. Ka ce amanar mutane ce, ko da faɗa za ta yi mana gara ta ji daga bakinmu.

Da tsohuwar ta zo, Baba ne ya kama hannunta ya ɗora a kan ramukan, ya gaya mata komai, sai dai bai ambaci wadda ta sa a kwashe takardun ba. Ta daɗe tana shafa itacen. Can ta ce a ɗakinta ma ƙwaro na nan, kuma idonta ba ya ganin gari.

"Ku bar ta a nan," in ji ta. "Amma ba jami'a na ba wa ba. Wannan bawan Allah na ba wa."

Baba, mai riƙon amana, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwoyin da ka ƙarar a kan simintinmu. Ku kuma da aka damƙa wa kayan mutane, ko a asibiti kuke ko a gareji, ku zo ku ga yadda ake riƙo tun bai tafi ba.

Baba, ranar Litinin zan je in gaya wa tsohuwa cewa za ka ajiye aiki, kuma wallahi har yanzu ban san da bakin da zan fara ba.