Rakiyar Inna a Tsohuwar Gada

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, har na yi gemu. In magana ta kama, sai ta faɗa wa ƙanwata ta faɗa mini, alhali ga ni zaune a wurin. Mu jinin Fulani ne, fillancin ya gudu ya bar mu da kunyar. Ƙannena takan raka su har bakin titi, ni kuwa in zan yi tafiya sai aiki ya taso mata a madafa. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Gadar ƙarfe ce ta rufa mana asiri. Tana kan kogin da ya raba ƙauyenmu na ƙasar Gwaram da hanyar Birnin Kudu. Kakana ya ce tun zamanin Turawa aka kafa ta. Kafin nan, in damina ta yi nisa, sai kwalekwale, ko a haƙura da kasuwa har ruwa ya janye. Gadar siririya ce, mota ɗaya take ɗauka. In wata ta hau daga can, ta nan dole ta jira, ƙarafa na ta ƙara kamar an zubar da kwanuka. Wannan jiran ne ya tara 'yar kasuwa a bakin gadar: masu rake, masu dafaffiyar gyaɗa, da mata masu fura da nono. Inna na cikinsu.

Duk ranar da zan koma Kano wurin aiki, da sassafe za ta ɗauki ƙwaryarta ta fice, ko sallama babu. Motarmu na tsayawa jiran gada sai in hango ta. Ba ta kallona. Direba take kallo ta ce, "Malam, a bi a hankali, da mutane a ciki." Sannan ta miƙa wa kwandasta fura ta ce a ba na kujerar baya, wai da alama bai karya ba. Direbobin nan duk sun gano ta, sai dai su yi dariya ƙasa-ƙasa.

Sai aka gina sabuwar gada ta siminti a gefe, faffaɗa. Kowa ya yi murna, har ni, don me zan yi ƙarya? Mai naƙuda ta daina jira a bakin kogi. Amma mota ta daina tsayawa, kasuwar ta watse, tsohuwar gada ta koma ta shanu da masu keke.

Tafiyata ta farko bayan nan, motar ta wuce fuu. Ta taga na hango mace ɗaya tilo a bakin tsohuwar gada, ƙwarya a gabanta, ba mai saye. Ta miƙe tsaye tana bin motar da kallo. Na daka wa direba tsawa ya tsaya. Ya ce nan ba tasha ba ce. Na ce ko ya tsaya ko in buɗe ƙofa, fasinjoji suka ɗauki salati. Sai da muka haye ya taka birki, ya jefo mini jakata, ya yi gaba yana mita.

Na dawo da ƙafa ta tsohuwar gadar, ina hango ruwa ta inda tsatsa ta huda. Kafin in iso har ta zauna, ta kawar da kai tana gyara faifai.

Na tsuguna na ce, "Inna, a ba ni fura."

Ta dama furar. Babu kwandastan da za ta ba, babu ƙanwata. Ta daɗe riƙe da ƙoƙon, sannan ta miƙo mini da hannunta, idonta na kan kogi.

"Ka bar mota ta tafi," in ji ta. "Yanzu wa zai kai ka?"

Na ce wata za ta zo.

"To, kafin ta zo, tashi daga rana."

Ta matsa ta ba ni gefen tabarmarta.