Ranar da Na Tura Majinyaci Garaji

"Likita, mota ya ƙi tashi," in ji Baba Aghali, idonsa a ƙasa.

Ina ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam lokacin, satina biyu da fara koyon aiki a wani asibitin Arlit. Shi kuma tsohon direban motar mahaƙar ma'adinai ne, an sallame shi shekarar da kasuwar uraniyom ta faɗi.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun da aka kore ni. Matata ya gaji da jira, ya ce zai koma garinsu Gugaram."

Wallahi da zuciya ɗaya na kwatanta masa garajin abokina, har na ce a fara duba batir.

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ɗana, kana da aure?"

"A'a, Baba."

"To, wannan mota ba na ƙarfe ba ne."

Sai a nan na gane nufinsa. A jami'a darasi ɗaya aka yi mana kan zancen shimfiɗa, da Faransanci, malamin ma allo ya yi ta kallo.

Na rufe ƙofa, muka sake zancen daga farko. Ashe damuwar korar ce ta kwantar da shi. Matar dai ba ta tafi ba.

'Yan uwa masu wannan aiki, ku a aji aka koya muku, ko sai da kuka sha irin kunyata?