Akwai Kowa A Gidan Nan?

Gidana na unguwar Akurba ni na gina da gumina, ko tabarma ban gada ba.

Yau masu fim ɗin binciken aljanu suka zo ɗaukar kashi na biyu. Darakta ya ce, "Alhaji, ƙa'ida ce, gidan kashi na biyu ya fi na farko shiru. Duk garin Lafiya ba kamar naka."

Jarumin ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Akwai kowa a gidan nan?"

Daga ɗaki na amsa, "Ina nan!" Tun rasuwar matata Hajiya ba wanda ya tambaya.

Darakta ya ce, "Alhaji, shiru don Allah, za mu sake."

Na yi shiru. Amma jama'a ku shaida, a ƙarshen fim a rubuta: Alhaji Tanko, mai gidan, yana ciki.