Cinikin Citta a Souq Waqif

Shekarar da na haifi autata a Doha, Inna ta hau jirgin sama karon farko a rayuwarta, ita kaɗai, don ta zo ta yi mini wankan jego. Larabcinta duka na salla ne, Turanci kuwa ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

A lokacin babbar 'yata ta ƙi makaranta, wai 'yan ajinsu suna yi wa Larabcinta dariya. Na yi ta ba ta labarin jaruman matan tarihi har maƙogwarona ya bushe. Ta saurara cikin ladabi irin na ɗalibaina, wato ba abin da ya shige ta.

Da na yi arba'in muka fita kasuwar Souq Waqif sayen kayan yaji. Inna ta tsaya gaban mai shago ta kama ciniki da Katsinanci tsantsa. Mutumin ya tuntsire da dariya, maƙwabtansa suka taya shi. Yarinyar ta ja mata mayafi.

"Inna, dariya fa suke yi miki."

"To sai me, ƙawata? Haƙoransu ne. Ke dai faɗa masa cittar nan ta kwana biyu."

Yarinyar ta juya, ta faɗa da Larabcinta mai ɗingishi. Mai shagon ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya shiga ciki ya ɗauko sabuwa.

Washegari na tarar ta sa kayan makaranta, Inna na gyara mata hijabi. Ni da jarumaina ba wanda ya neme mu.