Hannun da Ya Saba Gudun Gatari

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar Kaduna daga Zariya, ni da wani aminina, tsohon ɗan dambe da ciwon gwiwa ya zaunar. Ƙanwata da ke aure a Hayin Banki ce ta taso ni. Ɗanta Sale mahauci ne, ya faɗa dambe, har an yi masa tayin karawa da zakaran masu nauyi a Kano bayan salla. Ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Ta ce mini a waya, “Yaya, ka zo ka hana yaron nan, kafin a kawo mini shi a kwance.”

Kuɗin mota dai ba a magana, ga direba ya cusa mu a baya har gwiwar aminina ta fara yi masa Allah-ya-isa. A Katabu muka tsaya shan koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Garin kuwa gini ko'ina, ya kusa haɗewa da Kawo.

Kafin mu shiga gida muka biya ta teburin naman da Sale ke aiki. Kai jama'a! Yaron da na taɓa saɓawa a kafaɗa, yau sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa. Muka tarar yana sarar ƙashi. Hannun hagu ya dafe ƙashin, gatari na saukowa sai ya fizge shi baya. Na yaba da zafin namansa, aminina kuma ya ƙura wa hannun ido. A gida ƙanwata ta cika mu da tuwon shinkafa da miyar taushe, tana zuba mini nama tana tuna mini abin da ya kawo ni.

Bayan la'asar muka hau keke napep zuwa filin dambe a wajen Mando. Tun daga titi kalangu ke tashi, ni da na zo hana dambe sai ga ƙafata tana bin kiɗa. Sale ya naɗe hannun dama da kara, abin ɗaurin hannun 'yan dambe, ya miƙa na hagu gaba yana kare fuska. Aka haɗa shi da wani ƙato ɗan damben ɓangaren Arewa. Turmin farko suka auna juna. A na biyu, tim! Ƙaton nan ya zube, ƙura ta tashi, fili ya kaure da ihu. Wallahi ban san lokacin da na faɗa cikin fili ba, hulata a hannu, ina faɗin, “Ɗan ƙanwata ne! Nawa ne!” Daɗi ya kashe ni.

Da aka tashi muka zauna gun mai shayi har da Sale, na shiga lissafa manyan da ke gabansa. Dogon nan na Kano da ake tsoro, ƙafarsa nauyi gare ta, Sale zai shige masa ta ƙasa. Akwai kuma wani Basakkwace, ƙarfi kamar ingarma, amma turmi na uku numfashinsa ke ƙarewa. Na ce saura zakaran, shi ma a kawo shi.

Aminina ya ajiye kofi ya ce, “Zakaran zai kashe shi a turmin farko.” Ya miƙe da ƙyar, ya cire hula. “Sale, taso ka kawo mini naushi.”

“Haba Baba, ni in nushe ka?”

“Kawo, na ce. A hankali.”

Sale ya gyara tsayuwa ya kawo hannu. Kafin ya iso, fat! hula ta sauka a kuncinsa na hagu. Ya sake, hula ta sake sauka. Mai shayi har da riƙe ciki don dariya. Tsohon ya ce, “Duk sanda damanka zai sauka, hagunka gudu yake baya, yana tsoron gatari. Fuskarka a buɗe take. Yaran nan ba su gani ba, amma zakaran ba ya kai hari, jira yake ka buɗe masa ƙofa.”

Sale ya dubi hannunsa, jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, “Kawu, tun ina ƙarami aka koya mini, wanda bai janye ba yatsa ya tafi.” Na ce gaskiya ne, amma fili ba teburin nama ba ne. Sai ya ce zai gaya wa masu shirya wasan su ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi, kuma duk Juma'a zai zo Zariya tsohon ya gyara masa hannu. Aminina da bai cika yabo ba ya ce in hannun nan ya tsaya, bai ga mai tsayawa gaban yaron ba.

Washegari da hantsi muka iso gida lafiya. Abin da na koyo shi ne, mai ihu a bakin fili ba shi ke ganin dambe ba. Da ta bakina aka bi, da na tura yaro Kano an farfasa masa fuska.

Ina cire takalmi ƙanwata ta bugo. Na ce ta kwantar da hankalinta, ba shi ba Kano bana. Ta yi hamdala. Sai bakina ya ƙi tsayawa, na ce amma baɗi, in Allah ya kai mu, ni zan riƙe masa ruwa a bakin fili.

Ta ce, “Yaya, wuta na kira ka ka kashe mini, ka zo da fetur.”