Hatimin da Ke Cikin Jakar Mama Odessa

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko dusar ƙanƙara ta rufe garin Toledo ko ba ta rufe ba, Mama Odessa Pruitt ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan asibiti. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haka. Za ta kurɓi kofi a tsaye, ta karɓi sunayen waɗanda suka haihu jiya, ta ɗauki takardu da biro uku da hatiminta, ta shiga bin ɗakunan masu jego. Ba likita ba ce, ba ungozoma ba ce. Ita ce mai cike takardar haihuwa. Idan iyayen jariri suna da aure, minti biyar ta gama. Idan babu aure, kamar yadda yake ga yawancin yaran layinmu, sai ta jawo kujera ta zauna, ta dubi namijin ta saman tabarau, ta ce ya fito da katin shaidarsa.

Takardar ba ta da wani tsawo. Uwa ta sa hannu cewa wannan ne uban, shi ma ya sa hannu cewa shi ne, Mama Odessa ta buga hatimi cewa a gabanta aka yi. In ba a yi haka ba, gurbin sunan uba fanko yake zama, kuma a idon doka mutumin bai fi maƙwabci ba.

Ni Roscoe ne, mai aski, kuma ya kamata in faɗi gaskiya tun daga farko: shekaru na yi ina yi wa matar nan zagon ƙasa. A shagona samari ke zuwa su yi shelar haihuwa, ni kuma in cika baki in ba su shawara. Ina ce musu kada su kuskura su sa hannu a takardar gwamnati, tarko ce, daga nan kotu ta san gidansu. Ina cewa ai tunda yaro ya ɗauki sunanka, kai ka yanke cibiya da hannunka, ga tafin ƙafarsa ka sa an zana maka a ƙirji, wa ya isa ya ce ba ɗanka ba ne? A wurinmu zanen nan shi ne shaida. Yaro bai yi sati ba uban ya je an zana masa 'yan ƙafafun da ranar haihuwa, ya dawo yana buɗe riga ana tafa masa. Na yarda da abin da nake faɗa, shi ne ma abin da ya fi ba ni tsoro yanzu.

Ita kuwa ko a jikinta. Mazan da suka ce za su je su gyara fakin ɗin mota su dawo, ba su dawo ba, tana rubuta sunayensu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni labarin yadda ta bi wani har wurin wankin mota, ya sa hannu a kan murfin injin mota da kumfa a hannunsa. Ta sha shiga gidan yari da hatiminta a jaka, mai jego na biye da ita. An kuma ga ranar da ta fizge biro daga hannun wani saurayi, domin ta lura yana ɗari-ɗari. Ta ce masa in yana da shakka ko kaɗan, a je a yi gwaji tukuna, ita ba ta tara sa hannu don a yaba mata. Mai jegon ta zazzage ta tas a gaban mutane, ta tsaya ta shanye.

Lamont Birdsong direban motar kai kaya ne, tun yana ƙarami nake yi masa aski. Da budurwarsa Renata ta haifa masa Nyla, ya bi shawarata ya sulale daga asibiti. Sati uku bayan haka, ranar Asabar, shago cike, na aske masa rabin kai yana lulluɓe da mayafi har wuya, sai ga Mama Odessa ta turo ƙofa. Renata na bayanta da jaririya a kafaɗa.

"Sannunku da hira," ta ce. "Lamont, ɗana, yau dai ka gyara fakin ɗin?"

Shago ya ɗauki dariya. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya tuna da rabin kansa. Ta tambaye shi ko yana da shakka a kan yarinyar. Ransa ya ɓaci, ya yaye mayafi ya buɗe riga ya nuna mata zanen, ya ce ta duba da kyau.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ka ba fata haƙƙinta. Saura takarda."

Na soma gunaguni cewa nan ba ofishin gwamnati ba ne. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Roscoe, kai dai ji da kan mutane ta waje. Cikin ba aikinka ba ne."

Ya sa hannu don ta tafi, Renata ta sa nata, hatimi ya sauka a kan teburina tsakanin kwalbar man gashi da buroshi. Ta ba shi kwafinsa ta fita. Suna fita na ce masa ya kwantar da hankalinsa, takardar da aka cike a shagon aski ba inda za ta je. Ya mance kwafin a kan tebur. Da yamma na share shi tare da gashi na zuba a shara.

Shekara huɗu bayan nan, wata Talata da rana, Renata ta yanke jiki ta faɗi a wurin aikinta. Jijiya ce ta fashe a kanta. Laraba ta rasu, tana da shekara ashirin da bakwai. Ba mu gama gaskata wannan ba sai ga bala'i na biyu.

Mahaifiyarta, Uwargida Corrine, ta iso daga jihar Arkansas. Dama ba ta taɓa son Lamont ba, ga baƙin ciki ya rufe mata ido. Tana binciken durowar 'yarta ta ci karo da takardar haihuwar Nyla, gurbin uba fanko. Ta kira ma'aikatan kula da yara. Matar da suka turo ta zauna a falon Lamont, a kan kujerar da ya saya, ta tambaye shi shi wane ne a wurin yarinyar. Yarinyar da yake yi wa kitso duk Lahadi, wadda ba ta cin abinci sai a cinyarsa. Ya buɗe riga kamar yadda ya saba.

"Yallaɓai, na gani, kuma wallahi na tausaya maka," matar ta ce. "Amma ba zan iya saka ƙirjinka a cikin fayil ba."

Aka ce Nyla ta zauna wurin kakarta kafin kotu ta duba. Kakar kuwa ta riga ta yanki tikiti biyu, Asabar bayan jana'iza za su wuce Arkansas.

Alhamis da safe ya shigo shagona kamar wanda aka tono. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Kawu, takardar nan ta ranar nan, tana wurinka?" Na ajiye injin aski, na tuna da sharar da na zuba ta. Duk zamana a garin nan ban taɓa sanin haka abin yake ba, cewa za a iya shiga gidan mutum da rana tsaka a ɗauki 'yarsa cikin ladabi, doka kuma ta ce ba a yi masa komai ba.

Da kunya da komai na kira asibiti na nemi Mama Odessa. Ban gama bayani ba ta katse ni. Ta ce ta tuna, Birdsong, rabin kai. Ta ce duk takardar da ta buga wa hatimi ranar Litinin take aika ta ofishin rajistar haihuwa da hannunta, bayan sati uku ta buga waya ta tabbatar ta shiga, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Takardar da ke durowa tsohuwa ce, Renata ta karɓo ta tun satin farko, kafin Lamont ya sa hannu. Ta ce mu same ta a ofishin rajistar haihuwa ƙarfe sha biyu, lokacin cin abincinta.

Mun tsaya mu uku a layi. Magatakarda ta buga sunan, injin ya turo takarda, ta miƙo ta ƙarƙashin gilashi. Lamont ya kasa karɓa. Mama Odessa ce ta karɓa, ta ɗora yatsa a kan layin ta ce ya karanta. Sunansa na nan, shekara huɗu yana zaune a wurin yana jiransa. Ƙaton mutum ya durƙushe a kan tayil yana kuka, ni kuma na juya ina kallon bango.

Ba ta tsaya nan ba. Ta raka shi wurin Uwargida Corrine, ta zauna da ita a kicin, suka rufe ƙofa wajen awa guda. Da suka fito idon kowacce ya yi ja. Mama Odessa ta dubi Lamont ta ce takardar nan ba sanda ba ce, kada ya doki tsohuwa da ita, duk hutun bazara Nyla ta tafi Arkansas. Ranar Asabar kakar ta hau mota ita kaɗai, bayan ta koya masa yadda ake yin wainar dankali mai zaƙi irin ta Renata.

Daga baya na zauna na tuno mazan da na hana sa hannu. Na kai goma sha ɗaya na daina, domin na huɗunsu na san yadda ta ƙare da shi: uwar ta kwashe ɗansa ta bar jihar, har yau zanen kawai gare shi.

Juma'ar da ta wuce Mama Odessa ta yi ritaya. Na rufe shago na je, ina zaton zan tarar da rabin gari. Mutum goma sha bakwai na ƙirga, da kek ɗaya da faranti na takarda, a ɗakin da ma'aikata ke shan kofi. Shekara talatin da ɗaya! Na tsaya baki buɗe, har yanzu ban rufe shi ba, shi ya sa nake wannan rubutu.

Mama Odessa, ke ce mai bin gudajje har inda ya ɓuya. Ke ce kika sha zagi daga maza don kin ce su sa hannu, kika sha daga mata don kin ce a dakata. Ba a biya ki Asabar ɗin da kika shigo shagona ba, ba a biya ki man motarki ba, kuma mutumin da ya share aikinki ya zuba a shara ko sau ɗaya ba ki goranta masa ba. Akwai yara a garin nan da ba su san fuskarki ba, amma saboda ke suke kwana a gidan iyayensu maza. Na gode. Mun gode, har da waɗanda ba su san ya kamata su gode ba.

Ku kuma masu aiki a bayan tebur, ku da ba a ganin ku, ku dubi matar nan: ta aika, ta kuma kira ta tabbatar. Samari, ku je a zana muku ƙafafun, ban hana ba, amma ku sa hannu tukuna.

A wurin kek ɗin na je in ba ta haƙuri. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta zaro damin takardun da ba a cike ba daga jakarta ta danƙa mini. Ta ce bakina ne ya yi ɓarna, shi zai gyara. Suna nan kusa da madubi, duk wanda ya shigo da albishir sai ya ɗauki ɗaya kafin in taɓa kansa.

Jiya Lamont ya zo aski da Nyla. Ta hau kujerar jira tana lilo da ƙafa, wani baƙo ya tambaye ta ita 'yar wace ce. Ba ta ko ɗago daga littafinta ba, ta nuna mai rabin kai da ke kan kujerata da yatsa.