Taken Yaya Sani a Kan Piyano

Talata da safe: Magariya zuwa Kwaya

Ana kiran assalatu na naɗe piyanona a tsohon bargo, na zuba sababbin batura a aljihu, na fito. Matata ta rako ni har zaure tana cewa, "Mutane na zuwa dubiya da fura da magani, kai kuma da akwatin kiɗa." Na ce ta bar ni kawai, na san ciwon.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Magariya, shi ya sa ake ce mini Mushe, kuma tun ina makarantar horon malamai a Damagaram na kamu da son piyano. Nawa ƙarami ne, mai batir, a hammata ake riƙe shi. Ba na kiɗan biki. Ƴan gajerun kiɗa nake shiryawa, irin waɗanda kafin ka kurɓe kofin shayi sun ƙare: akwai na guga yana sauka rijiya, akwai na ɗigar indararo bayan ruwa ya ɗauke. Duk wanda na kaɗa wa, tambayarsa ɗaya ce: "Mushe, an gama ke nan?" Eh mana, an gama! Wallahi tambayar nan na ƙona mini rai.

Abin da ya fitar da ni shi ne wana, Yaya Sani, da ke ƙauyenmu bayan Guci. Manomi ne na ji da gani. A bazarar bana ɗansa na fari, Habu, ya rasu a wurin ci-rani, can aka rufe shi. Kun san kunyar ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya damu da shi. Yaya bai yi kuka ba, bai ce uffan ba, ya shige ɗaki ya zauna. Dangi suka yi masa shuka, ruwa ya zauna, ciyawa ta taso tana neman shaƙe geron. Matarsa Hurera ta aiko mini da saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa: an sa gayya ranar Alhamis, amma gayya sau ɗaya ake yi wa mutum. In bai tashi ba, maimai da sauran aikin damina babu mai yi, ga ƙananan yara cike da gida.

Abu ɗaya na sani da ke tada Yaya ko yana cikin zazzaɓi, wato takensa na gangar noma. Makaɗinsa Ɗanjuma ya daɗe da rasuwa, ni kuma ina lakwal sa'ad da ake sha'anin, wutsiyar taken kaɗai ta maƙale mini a kunne. An ce matar makaɗin ta koma wajen danginta a Kwaya. Shi ya sa na fara juya wa Guci baya.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya dubi bargon ya ce, "Ba dai gawar ɗan akuya ba ce?" Muka shirya a dala ɗari uku, kuɗinmu na sefa. An yi ruwa da dare, yashi ya kwanta, babur na tafiya sumul tsakanin gonakin gyaɗa. Hantsi bai yi zafi ba muka shiga Kwaya.

Baba Kande, matar makaɗin, na same ta tana gyaran wake a inuwar rumbu. Bayan mun gaisa na faɗi buƙatata.

"Wane Sanin? Mai gonar bakin tafki?"

"Shi, Baba."

"Kai! Wannan ai marigayi ba ya kaɗa masa sai ya ja da baya, don kada ya ture shi."

Ta kife ƙwarya, ta buga da yatsu tana faɗin abin da gangar ke cewa: "Sani, Sani, kunya ta miƙe, rana ta makara." Kunyar gona ake nufi. Sai bugu biyu masu nauyi. Ta ɗage hannu.

Na kwance bargo na ɗora piyano a cinya. Hannun hagu na ba shi aikin ganga, can ƙasa inda sauti ke da kauri. Na dama ya bi hawa da saukar maganar. Baba Kande ta saurara ta ce, "Maganar ita ce, amma muryar ta budurwa ce." Na yi dariya, na matsar da hannun dama ƙasa, na sake. Ta goge ido da bakin zane. Sannan ta ce, "Ɗan nan, in ka yi bugu biyun nan, ka ɗage hannu. Marigayi ba ya sakewa sai mai take ya amsa da kirari. In ka maimaita bai amsa ba, ka tona masa asiri, ka shaida wa gari jininsa ya mutu." Ta dama mini fura, na ajiye mata goro, muka yi sallama.

Talata da yamma: Dungass

Na dawo Magariya da azahar, ban ko leƙa gida ba na wuce tasha. Motar Dungass ta cika har da kaji. Direba ya so ya ɗaure piyanon a sama tare da buhunan rogo, na ce sai dai ni a ɗaure ni a can. Na rungume kayana muka tashi.

A bariya, shingen bincike na kan hanya, wani jandarma ya karɓi kartidante, wato katin shaidata, ya nuna bargon. Na buɗe. Ya ce, "To, kaɗa mu ji, mu tabbatar." Ban taɓa taken Yaya ba, wannan ba na bakin hanya ba ne. Na yi musu na guga. Ina ɗage hannu ya ce, "An gama ke nan?" Mota ta kwashe da dariya. Sai wata dattijuwa daga kujerar baya ta ce, "Ku kuka sani. Ni dai na ji gugan ya taɓa ruwa." Jama'a, ban san sa'ad da na juya na ce, "Allah Ya biya ki, Inna!" ba. Shekaru ina neman mai kunne irin nata, ashe tana bayan mota da kaza a cinya.

Mun isa Dungass gab da magariba. Na sauka gidan Lawali, abokina tun lakwal, wanda shi ma piyano yake kaɗawa, amma babba, na biki, mai ganguna a ciki. Bayan tuwon gero da miyar kuka na ba shi labari, na kaɗa masa taken.

"Idi, wannan ɗan tsut ɗin zai tada mutumin da ya yi wata da watanni a ɗaki? Kawo in sa masa ganguna, mu ja shi, ya yi ta juyawa har ya shiga jikinsa."

"Ba a ja. Ba a juyawa."

"Taurin kanka na nan."

"Yana nan daram."

Gaskiya dai ni ma na yi gwaji bayan ya fita. Na saƙa wani ɗan sauti mai sanyi a tsakiya saboda Habu. Ya yi daɗi ƙwarai, har ya sa ni ƙwalla. Na cire shi. Ba ta'aziyya za ni ba, an riga an yi ta.

Laraba: Guci da ƙauyenmu

Motar Guci buɗaɗɗiya ce, muna zaune a kan kaya. Sau biyu ta kafe a yashi, muka sauka muka tura, ni ina turawa da kafaɗa ɗaya, piyano a ɗaya hammatar. A Guci na ci ƙosai a tsaye, na samu amalanken shanu mai zuwa wajenmu. Da la'asar muka bi ta bakin tafki, na ga gonar Yaya. Sai ka duba sosai kake gane gero a cikin ciyawa, gonar da a da ake kawo baƙi su gani.

Hurera ta tare ni a tsakar gida. Mun saba tsokanar juna, amma ranar sai ta dubi bargon ta ce, "Mushe, abin da ka kawo ke nan?" Na ce shi ne.

Yaya na zaune a ɗaki, ya jingina da bango, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ka zo?" Na ce na zo. Iyakar hirar ke nan. Na fito jikina a sanyaye, ina tunanin ko Lawali ne ke da gaskiya.

Alhamis: gayya

Rana ba ta fito ba samari suka taru a ƙofar gida da hauyoyi. Wani dattijo ya leƙa ya ce da Yaya jama'a na jira, sai dattijon ya fito shi kaɗai yana girgiza kai. Suka fara shirin wucewa gona ba shi.

Na ce su dakata. Na jawo turmin Hurera na kife a ƙofar zaure, na ɗora piyano, na ƙure murya. Na yi bisimilla na kaɗa: Sani, Sani, kunya ta miƙe, rana ta makara. Bugu biyu. Na ɗage hannu.

Shiru. Wani saurayi ya ce, "Shi ke nan?" Aka yi ƴar dariya, amma dattawan ba su yi ba, sun gane abin da suka ji. Na harɗe hannuwana a baya don kada su ci amanata. Zakara ya yi cara a maƙwabta. Hurera ta matso ta raɗa mini, "Don Allah ka sake, ƙila bai ji ba." Na ce, "Ya ji." Amma ni kaina ban tabbata ba, zufa na bin bayana da sanyin safiyar nan. Na ce a raina, shi ke nan Idi, ka tara gari ka kunyata ɗan'uwanka.

Sai muka ji gyaran murya daga ciki. Sannan wata murya a dishe, tana karyewa:

"Sai ni Sani, na bakin tafki! Sai ni uban Habu! Habu, Habu ɗana!"

Tsigar jikina ta tashi. Tun da aka haifi yaron nan ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakin Yaya. Hurera ta zube ta rufe fuska da zane. Ya fito yana tsima, hawaye na zuba har gemu, bai ko share ba. Ya fizge hauya daga hannun saurayin da ya yi tambayar, ya ɗaga ta sama.

Yanzu ne nake da izinin sakewa, na kuwa sake! Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka ɗauki ihu. Wani ya sungumi turmin, ni na rungumi piyano, muka bi Yaya da gudu har bakin tafki. Shi ya tsaga kunyar farko. Ƙarfinsa bai dawo ba, samari na wuce shi, amma bai tsaya ba. In ya kai ƙarshen kunya in kaɗa, ya amsa, ya juya. Kafin la'asar gero ya fito fili layi-layi. Farin cikin da na yi a bakin gonar nan, ko ranar da aka ba ni aiki ban yi irinsa ba.

Da muka zauna shan fura ya dubi piyanon ya ce, "Abin nan naka ba shi da fata, ina yake samun murya?" Na ce sirrin sana'a ne. Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya daɗe yana ba ni labarin Habu, yana kiran sunan ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Juma'a: komawa gida

Na bar ƙauye da sassafe, zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Jiya akwai taro da guɗa da kiɗa. Yau ba kowa, piyano kuma na hammatata. Amalanke ya kai ni Guci, mota ta kai ni Dungass, inda na tsaya na yi sallar Juma'a na kuma yi wa Lawali dariya son raina. Da la'asar sakaliya na sauka a tashar Magariya.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, da Baba Kande, da Lawali da tuwonsa, da dattijuwar bayan mota wadda ban ko tambayi sunanta ba. Ina ajiye kaya na kira salular maƙwabcin su Yaya, aka kai wa Hurera. Na ce ta ba ni Yaya.

Ta ce, "Sai dai ka sake kira bayan magariba, Mushe. Kana tafiya ya saɓa hauya, har yanzu bai dawo ba."